Kada ka sa wa takobin nan samfefa

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce ka sayi tsohon takobi, da ka kai wa masu tara kayan yaƙi na da, sai suka hana ka taɓa ruwansa da hannu, suka kuma gargaɗe ka kada ka goge shi ya yi ƙyalli. Kana tambaya ko camfi ne suka gada. Wallahi ba camfi ba ne, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka taɓa shi.

Maganar hannu mai sauƙi ce. Gumin mutum akwai gishiri da danshi. Ka ɗora yatsa a kan ƙarfe ka bar shi ba ka share ba, bayan 'yan makonni za ka ga zanen yatsanka ya zauna da tsatsa. Shi ya sa ake sa safar hannu, ko a tallafe ruwan da ƙyalle mai laushi.

Ta gogewa ita ce ta fi damuna. Wannan baƙin da ya lulluɓe ƙarfen shekaru ne suka kawo shi, kuma da shi masana ke gane tsufan abu. A ƙarƙashinsa ne tambarin maƙeri yake kwance, wani lokaci siriri kamar zare. A da, maƙeran garin Passau a Jamus suna buga hoton kyarkeci yana gudu, daga baya na Solingen suka ari tambarin, ruwan takubbansu kuma ya bi fatake har Indiya da Afirka, inda ake yi masa sabon mariƙi da sabon kube. Ina saurayi na samu wani takobi, na kwana biyu ina dirzarsa don ya yi kyau. Da na gama sai na ga ragowar wani tambari kusa da mariƙi, rabi ya tafi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin ban ƙara samun hanyar sanin inda aka ƙera shi ba.

Mutanen Japan sun fi kowa tsanani a nan. Ƙarfen da ke shiga cikin mariƙi, wanda suke kira nakago, ba a taɓa share tsatsarsa, domin a can maƙeri ke sa sunansa, launin tsatsar kuma yana nuna zamani. Wanda ya kankare wurin ya zubar da darajar takobin.

Sannan akwai jabu. A ƙarni na 19, da attajiran Ingila suka shiga sha'awar ƙawata gidajensu da sulke, wani dillali a Landan, Samuel Pratt, ya sayar da kwalkwali na jabu masu yawa a matsayin na da. Da me ake kama irin wannan? Da fuskar ƙarfen, da sawun guduma, da yadda tsufa ya ci shi. Ko sulke ka samu, duba zobbansa: na yaƙi a Turai galibi ƙusa ce ke riƙe bakin zoben, na ado kuwa sau da yawa matse baki kawai aka yi.

Amma kada ka ce Baffa ya ce a bar tsatsa ta cinye shi. Jar tsatsa mai gari tana ci gaba da cin ƙarfe. Ita kam ka ɗiga mata mai mara kauri, ka bari ya jiƙa, ka share da tsumma a hankali, sannan ka shafa kaki kaɗan. Kada ka wasa shi. Kada kuma ka bar shi cikin kuben fata wata da watanni, fata tana riƙe danshi. Ka ajiye su gefe da gefe a busasshen wuri, ka rubuta ranar da ka saye shi da duk abin da mai shi ya gaya maka.

Yanzu ka fita da shi hasken safiya, ka karkata ruwan, ka ɗauko mini hoton wurin da ke dab da mariƙi, gaba da baya. Ka gaida mahaifiyarka.