Amsa: me ke sa mai tarin fuka ya rasu alhali yana kan shan magani?

Assalamu alaikum. Malam, ka tambayi dalilin da ya sa maƙwabcinku a Agege ya rasu bayan makonni kaɗan da fara shan maganin tarin fuka. Allah ya jiƙansa, ya ba iyalansa haƙuri.

A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, yawancin irin wannan mutuwa tana aukuwa ne a watanni 2 na farko cikin watanni 6 na jinya, lokacin da ake shan magunguna 4 a haɗe, kuma babban dalili shi ne jinkirin zuwa asibiti. Mutum zai daɗe yana tari da ramewa da gumin dare yana sayen maganin tari a kemis, sai huhu ya lalace sannan a kai shi gwaji. Ga kuma cutar kanjamau da ba a gano ba, wadda ke raunana garkuwar jiki, da ciwon suga, da rashin abinci mai gina jiki. A ganina yunwa ce aka fi yi wa sakaci, domin ɗan dako a kasuwar Mile 12 in ya kwanta, abin da zai ci ma ya tsaya.

Akwai kuma nau'in cutar da ba ya jin rifampicin (ɗaya daga cikin magungunan nan 4), wanda na'urar GeneXpert ke ganowa cikin kimanin sa'o'i 2.

Tunda gida ɗaya kuke, ku je asibitin gwamnati a duba ku, musamman yara ƙanana, domin maganin kyauta ne a Najeriya.