Tambaya da Amsa: Tausayin da ke cinye mai shi, da yadda mabiya Buda ke horar da zuciya

Wasiƙun wannan fitowa duk sun taɓo addinin Buda, wanda ya faro a arewacin Indiya kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Amsoshinmu bayani ne na abin da mabiyansa ke koyarwa, daga littattafansu na harshen Pali da sharhin malamansu. Mun taƙaita tambayoyin.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na kai matsayin da in na tashi daga aiki, ko dai in kwana ina hawaye kan abin da na gani, ko kuma zuciyata ta ƙeƙashe in ji babu ruwana da kowa. An ce mabiya Buda sun yi magana kan irin wannan. Me suka ce?

AMSA: Sannu da aiki, Malama. Sun yi magana kuwa, har halayen nan biyu da kika ambata sun ware wa kowanne gurbinsa.

A koyarwarsu akwai halaye huɗu da ake rainon zuciya a kansu: metta, wato fatan alheri ga kowane mai rai, karuna, tausayi, mudita, farin ciki da alherin da ya sami wani, sai upekkha, zuciya ta tsaya daidai ba tare da ta rinjaya ba. Wani malami mai suna Buddhaghosa, wanda ya yi aiki a Anuradhapura ta ƙasar Sirilanka a ƙarni na 5 Miladiyya, ya rubuta a littafinsa Visuddhimagga cewa kowanne cikin huɗun yana da abokan gaba biyu, na nesa da na kusa. Na nesa ba ya ɓuya. Abokin gaban tausayi na nesa mugunta ce, kowa ya gan ta ya shaida ta. Na kusa shi ne mai wuyar sha'ani, don shigar burtu yake yi. Wanda ke zuwa da rigar tausayi baƙin ciki ne, wanda ke zuwa da rigar upekkha kuma halin ko-in-kula ne. Kama da wane dai ba ta wane. Kin ga ke nan tsakanin waɗannan biyun kike kai-komo, kuma na biyun ɗan na farkon ne: zuciyar da baƙin ciki ya daɗe yana gurza, ƙeƙashewa take yi don ta kāre kanta.

Ga yadda za ki bambance. A bakin gadon majiyyaci, ki lura inda hankalinki ya karkata. In tausayi ne, idonki na kansa: leɓɓansa sun bushe, zanin gadon ya jiƙe, lokacin juya shi ya wuce, hannunki kuma ya riga ya kai ga aikin. In baƙin ciki ne, zancen zucin ya dawo kanki: ba zan iya jure wannan ba, yau ma haka zan kwana. Buda ya kwatanta wannan da mutumin da aka harba da kibiya, sannan aka ƙara masa ta biyu. Ta farko zafin da ya zo ne, ta biyu ita ce wadda tunani ke ƙarawa. Aikin upekkha a nan shi ne tuna cewa warkewa tana da sababai da yawa waɗanda linzaminsu ba ya hannunki. Ki cika naki, ki bar lissafin abin da ba naki ba.

Kada a ɗauka tausayinsu na zaune ne. A littafin dokokin bikku, wato mabiyan da suka bar gida da dukiya suka rungumi zuhudu, an kawo yadda Buda ya tarar da wani bikku mai atini kwance cikin ƙazantarsa, ba mai kula da shi. Buda ya aiki hadiminsa Ananda ya ɗebo ruwa. Shi yana zubawa, Ananda yana wankewa, sannan ya kama wajen kai, Ananda ya kama ƙafafu, suka ɗora shi kan gado. Da ya tambayi sauran bikku dalili, suka ce ai ba ya tsinana musu komai. Ya tuna musu cewa ba su da uwa ba su da uba a wurin, in ba su yi jinyar juna ba wa zai yi. A nan aka lissafa siffofi 5 na mai jinya nagari: ya iya haɗa magani, ya san abin da ya dace da mara lafiya da wanda bai dace ba, ya kawo wannan ya kau da wancan, ya yi don alheri ba don abin da zai samu ba, kada ya ji ƙyamar kashi da fitsari da amai da yawu, kuma ya iya ƙarfafa majiyyaci da magana lokaci-lokaci. Biyun farko, a lura, sanin aiki ne tsagwaronsa. Hawaye bai shiga lissafin ba.

Binciken da Tania Singer ta jagoranta a cibiyar Max Planck da ke Leipzig ta Jamus, wanda bikku ɗan Faransa Matthieu Ricard ya shiga, ya nuna cewa ɗaukar zafin wani a jika da yi masa fatan sauƙi sassa daban na ƙwaƙwalwa suke motsawa. Amma fa wannan duka ba ya maye gurbin hutu. In rashin barci da kukan sun ɗauki makonni, ki ga likita.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne mai nazarin addinan duniya. Ana ta cewa suna "horar da" ƙauna. Ta yaya ake horar da abin da ke cikin zuciya?

AMSA: Kamar yadda ake horar da hannu, ɗan'uwa: da maimaici, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ba roƙo ba ne ga wani abin bauta, horon niyya ne.

Mutum ya zauna inda ba hayaniya. Malaman zamani kan ce minti 10 zuwa 20 a kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a mako. Yana maimaita gajerun jumloli a zuci, masu ma'anar: in kuɓuta daga gaba, in kuɓuta daga damuwa, in zauna lafiya. Da kansa yake farawa, don kansa ya zame masa ma'auni: yadda nake gudun wahala, haka kowa yake gudunta. Daga nan ya juya jumlolin ga malami ko wani da yake girmamawa, sai aboki na kusa, sai mutumin da ba ya so ba ya ƙi, a ƙarshe wanda suke takun-saƙa.

Jerin ba don ado aka yi shi ba. Buddhaghosa ya hana farawa da maƙiyi, don fushi ne zai taso. Ya hana farawa da wanda ake tsananin so, don abu kaɗan ya same shi sai zuciya ta karye. Ya hana ɗaukar wanda sha'awa za ta iya shiga tsakani, tunda sha'awa ce abokiyar gaban metta ta kusa, kuma ya hana ɗaukar mamaci, don hankali ba zai nutsu a kansa ba. Tausayi kuwa nasa jerin daban ne: ana farawa da wanda wahalarsa take a fili, kamar gajiyayye da ba shi da mataimaki.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne matakin maƙiyi. In fushi ya taso, sai a ja baya zuwa mutanen farko har zuciya ta lafa, a sake gwadawa. In ya ƙi, a nemi abu ɗaya mai kyau a tare da shi, ko iya magana ce, ko natsuwa wajen aiki, a riƙe shi kaɗai. In babu, to ya zama abin tausayi. Akwai kuma tuna cewa mai fushi kamar wanda ya damƙi garwashi ne zai jefi wani, tafinsa ne ke fara ƙonewa. Akwai wata dabara mai ban dariya: ka tambayi kanka, da me nake fushi a jikinsa, gashinsa ko farcensa? In duk sun faskara, littafin ya ce ka ba shi kyauta, ko ka karɓi tasa.

Sauran kurakuran biyu ne. Wani ya yi ta matse zuciyarsa sai ya ji wani daɗi, in bai ji ba ya ce bai iya ba, alhali niyyar ake ginawa. Wani kuma ya yi ta karanto jumlolin kamar aku, hankalinsa na wani wuri. Maganin wannan shi ne rage gudu, jumla ɗaya a numfashi ɗaya, fuskar mutumin tana gabanka.

Har jarrabawa suka ajiye. Ka ƙaddara kuna zaune ku huɗu, kai da masoyinka da wanda ba ruwanka da shi da maƙiyinka, 'yan fashi suka ce a ba su ɗaya su kashe. In ka nuna wani, da sauranka. In ka ce a ɗauke ni, nan ma da sauranka, don ka ware mutum ɗaya ka yi masa mugun fata, ko da kuwa kai ne.

TAMBAYA: Ƙanena yana yawan karɓar kuɗi a hannuna yana kai wa caca. In na hana shi sai in ji kamar na yi rashin tausayi. A fahimtar mabiya Buda, tausayi yana nufin a bayar kullum?

AMSA: A'a, Malam. A wajensu tausayi da hikima, wadda suke kira panna, ba sa rabuwa. Hikima a nan ita ce ganin abin da ke haifar da me. Kuɗin da ka bayar jiya, me suka haifa? Cikin sharuɗɗan kyautar mutumin kirki da aka lissafa akwai bayarwa da girmamawa, a kan lokaci, kuma ba tare da cutar da kai ko wani ba. Caca kuma tana cikin ƙofofi 6 na salwantar dukiya da Buda ya lissafa wa wani matashi mai suna Sigala, tare da maye, da yawon dare, da yawan bin wuraren shagali, da miyagun abokai, da lalaci. A wannan huɗubar, aboki na gaskiya shi ne wanda ke tsare ka da dukiyarka lokacin da ka yi sakaci, ya kuma hana ka aikata ɓarna.

Wani yarima mai suna Abhaya ya taɓa tambayar Buda ko zai faɗi maganar da ba za a so ba. Jariri na kan cinyar yariman a lokacin. Buda ya ce, in yaron nan ya sa tsakuwa a baki fa? Yarima ya ce zai riƙe kansa da hannun hagu, ya lanƙwasa yatsan dama ya ciro ta, ko da jini zai fita, saboda yana tausayinsa. To haka magana take: in gaskiya ce kuma mai amfani, ana faɗinta ko da ɗaci, sai dai a nemi lokacin da ya dace.

A aikace, kada ka yi masa faɗa a gaban mutane ko a daren da aka cinye shi. Ka same shi ku biyu, ka faɗi abin da ka gani ba tare da zagi ba, ka ce tsabar kuɗi ta ƙare. Taimakon sai ya canza kama: abinci, ko biyan magani kai tsaye. Ka kuma binciki kanka, don sau da yawa abin da ke sa hannu shiga aljihu tsoron ɓacin ransa ne.

TAMBAYA: Wannan koyarwa ba ta masu zuhudu ba ce kawai? Me ta ce wa mai sana'a da ke da ma'aikata?

AMSA: Huɗubar Sigala ɗin nan ta masu gida da iyali ce. Ta ɗora wa mai ba da aiki haƙƙoƙi 5: ya ba kowa aiki daidai ƙarfinsa, ya ba da abinci da lada, ya kula da su in sun yi ciwo, ya raba musu abin marmari in ya samu, ya sallame su su huta a kan lokaci. Dukiya kuma a kasa ta huɗu: kashi ɗaya a ci, biyu a juya a sana'a, ɗaya a ajiye don ranar wuya. Taimako ma ba sai mai yawa ba. Gidauniyar Tzu Chi, wadda wata mai zuhudu mabiyiyar Buda, Cheng Yen, ta kafa a Hualien ta Taiwan a 1966, da matan gida 30 ta faro, kowacce na jefa santi 50 kullum a asusun gora. Yau tana da asibitoci, tana kai agaji ƙasashe da dama.

TAMBAYA: In har haka koyarwar take, me ya sa aka yi wa Musulmin Rohingya abin da aka yi a Myanmar, inda mafi yawan jama'a mabiya Buda ne?

AMSA: Tambaya ce da ta dace, kuma ba za mu shafa mata mai ba. Daga Agustan 2017, sama da mutum 700,000 suka tsere daga jihar Rakhine zuwa Bangladesh saboda farmakin sojoji, kuma tun kafin nan wasu bikku irin su Wirathu sun shafe shekaru suna hura wutar ƙiyayya. A Nuwamban 2019 ƙasar Gambiya ta kai Myanmar ƙara kotun duniya da ke Hague. Siyasar ƙabilanci, da dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 wadda ta bar Rohingya ba ƙasa, da mulkin soja, duk suna cikin tushen lamarin, kuma rigar addini ta yi musu rana.

A nassin nasu kuwa, ta farko cikin dokoki 5 da kowane mabiyi ke ɗauka ita ce barin kashe mai rai, kuma an ruwaito Buda yana cewa ko da 'yan fashi za su yanka mutum gaɓa-gaɓa da zarto, in ya bar ƙiyayya ta shiga zuciyarsa bai bi koyarwarsa ba. Sarki Ashoka na Indiya, a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya sa an sassaƙa nadamarsa a dutse bayan yaƙin Kalinga, inda rubutun ya ce an kashe mutum 100,000. A wani rubutun nasa, wanda har yau ake karantawa a dutsen Girnar da ke jihar Gujarat, ya ce wanda ya yabi addininsa yana kushe na wasu, nasa addinin yake yi wa illa.