Shin Laifi Ne In Tambayi Allah "Har Yaushe?"

Tambaya: Baba Fasto, ina gaisuwa. A 2015 'yan Boko Haram suka shiga ƙauyenmu kusa da Kolofata a arewacin Kamaru, suka kashe maigidana, na gudo Marwa da yara huɗu. Da na koma bara, sai na tarar ƙanen maigidan ya dasa masakwa, wato dawar rani, a gonarmu, wai mace ba ta da gona. In na yi kuka a zumuntar mata sai a ce in yi shiru, gunaguni rashin bangaskiya ne. Ni kuwa da dare bakina ba ya iya furta komai sai "Ya Allah, har yaushe?" Zunubi nake yi?
Daga wata gwauruwa, Marwa

Amsa: Sannu 'yata, Allah ya ƙara miki haƙuri. Ba zunubi kike yi ba. Matan zumuntarku alheri suke nufi, amma a nan sun yi kuskure.

Buɗe Zabura 13. Ayoyi shida ne kacal, amma a biyun farko Dawuda ya tambayi Ubangiji "har yaushe" sau huɗu. Cikin zabura 150, kusan kashi ɗaya bisa uku kuka ne da ƙorafi. Ta 88 ma da duhu ta ƙare, ba a ɗora mata ko kalma ɗaya ta ta'aziyya ba, kuma an bar ta haka cikin Littafi Mai Tsarki. Yesu kansa a kan gicciye da farkon Zabura 22 ya yi kuka. In tambayarki laifi ce, to ba ke kika fara ba.

Gunagunin da suke tsoro shi ne na Isra'ilawa a jeji, waɗanda suka juya wa Allah baya suna marmarin tukwanen naman Masar. Ke kuwa da wa kike magana da daren? Da shi. Mai kai ƙara gaban uba bai fid da rai da uban ba.

Na tuna wata tsohuwa a Mora, lokacin da nake hidima a can. An kashe mata ɗa a hanyar kasuwa. Wata uku tana zuwa sujada ba ta rera waƙa, sai dai ta riƙe littafin waƙoƙi a rufe a kan cinyarta. Na yi ƙuruciya, na je na yi mata wa'azin haƙuri. Ta dube ni ta ce, "Fasto, bar ni da Mahaliccina, mun san juna." Na koma gida da kunya. A wajenta na koyi karanta Habakuk, annabin da ya yi ƙorafi cewa shari'a ta yi sanyi, mugaye sun kewaye adalai, sannan ya hau hasumiya ya tsaya jiran amsa. Amsar da ya samu ita ce, ko da ta yi jinkiri, ya jira ta.

Ba zan yanka miki rana ba, ba ni da ita. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna.

Maganar gona kuwa daban ce. Ramuwa ta Allah ce, amma neman haƙƙin marayu naki ne. Gwauruwar da Yesu ya ba da misalinta a Luka 18 ba zaman gida ta yi ba, zarya ta dinga yi wurin alƙali har ya gaji ya biya mata haƙƙinta. Ki nemi dattawa biyu da suka san iyakar gonar tun maigidanki na raye, ki roƙi fastonku ya raka ki wurin lawan, wato dagacinku. In bai yiwu a can ba, a kai gaban lamido, sarkin yankin. Ki tafi da babban ɗanki, kuma ki fara kafin lokacin dashe ya sake zagayowa.