Zuwa ga kishiyata, kan maganar sunan yaron nan

Kishiya, saƙonki ya iso. Ummi ta kunna mini muryarki sau biyu. Na farko na yi dariya har da ƙwalla, na biyu kuwa jikina ya yi sanyi. Wai tambaya kike ko dole ne mace ta ɓoye sunan ɗanta na fari, tunda surukarki ta harare ki ran suna da kika faɗi sunan jaririn gatsau a gaban baƙi. Ki gode Allah da abin ya tsaya a harara. Yaron nan fa sunan ubanki ya ci. Kunya biyu ce a kanki, ta ɗan fari da ta mahaifi, kika haɗa su kika tsallake da ƙafa ɗaya.

Ni a 1972 na haifi ubanki, a gidanmu na Unguwar Juma inda na je goyon ciki. Kwana arba'in ina wankan jego da ganyen runhu, ina shan kunun kanwa, amma ko sau ɗaya ban ɗauke shi a gaban mutane ba. In zai sha nono sai an yi mini tsawa, in juya baya in ba shi kamar wadda aka tilasta. Sunan kakansa na wajen uba aka sa masa, gida ya koma kiransa Baba Ƙarami. Ni ko wannan bakina bai iya ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan". Gwaggona da ta yi mini zaman jego kullum maganarta ɗaya ce: ki ƙi naki duniya ta so shi, ki so naki duniya ta ƙi shi.

Bari in ba ki labarin ƙaramar Sallar 1976, shekarar da aka kashe Murtala. Sarki Shehu Idris bai daɗe da hawa gadon Zazzau ba, kowa yana ɗokin ganin hawansa. Aka sa wa yaron nan 'yar shara da hula, 'yan matan gida suka riƙe shi suka tafi Ƙofar Fada kallo, don daga filin Idi na Ƙofar Doka can Sarki zai sauka. Mu matan aure muna gida, daga tsakar gida muke jiyo kakaki da algaita da ƙarar 'yan bindiga. Wajen la'asar yaran suka dawo wujiga-wujiga, ƙura har gira, babu shi. Wai da aka saki dawaki za a yi jafi jama'a ta watse, hannunsa ya suɓuce.

Gida ya ɗauki salati. Faccalata ta zube tana kururuwa, surukata ta yafa gyale a karkace ta yi zaure, maza suka bazu, wasu Kwarbai, wasu Babban Dodo. Ni kuwa tuwo nake kwashewa, na ci gaba da kwashewa. Hannuna na rawa har mara ta faɗa cikin tukunya, amma ban isa in ce uffan ba, kada a ce yarinyar nan ba ta da ta ido. Wata baƙuwa ma ta tambaye ni ɗan wane ne ya ɓata, na ce na gidan nan ne.

Bayan magariba surukata ta ja ni muka tafi wajen mai unguwa da fitilar ƙwai. Ya dube ni ya ce yaya sunan yaron? Na buɗe baki, sunan ya zo nan maƙogwaro ya tsaya. Tsohuwa na tsaye a gefena, sunan mijinta ne. Na ce mai sunan Malam. Ya yi murmushi ya juya wajenta, ita ma ba ta iya faɗa, sai da wani almajiri da ya biyo mu ya raba gardama.

Sai bayan isha'i aka kawo shi a kafaɗa. A zauren wani gida aka tsince shi yana barci, takalmi ɗaya, da guntun alewa a hannu duk ƙasa. Kowa ya ɗauka ya juya, ni na ce a ba shi ruwa, na shige ɗaki. Da dare ya raba na lallaɓa inda yake kwance a ɗakin kakarsa, na riƙe ƙafarsa na yi kukana a hankali. Tsohuwar idonta biyu. Ba ta taɓa tayar mini da zancen ba har ta koma ga Allah, amma daga ranar kitson kaina ma ita ke biya.

Kin ce ba a rubuta ba. Gaskiyarki, ban taɓa jin malami ya ce farilla ce ba. Fulani ma sun fi mu tsanani a nan. Ubanki da ya je Afirka ta Kudu ya dawo yana ba da labarin matan Zulu, wai ko kalmar da ta yi kama da sunan suruki ba sa faɗa, sai su sauya mata wata. Yarabawan da muka yi maƙwabtaka da su a Tudun Wada kuwa da sunan ɗan farin ake kiran uwar, Iya wane, tana amsawa da fara'a. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da ke damuna da ku, kukan gidan wa kuke yi? Jariri bai kwana bakwai ba an baza hotonsa a WhatsApp, uwa ta manna masa baki, ga suna a rubuce ɓaro-ɓaro, ba tsoron baki ba tsoron ido.

Ba zan ɓoye miki ba dai, wani lokaci in ubanki ya zo gaishe ni ya durƙusa, ga furfura ta fara fito masa, sai in ji da ma na taɓa kiransa sau ɗaya ya ji yadda sunan yake a bakina. Yanzu kuma an makara, ko na gwada dariya zai yi.

Ki dai nemo wa angon nawa laƙabi kafin ki dawo gida, ko Abba ko Halifa, don in na ji kin ƙwala sunan nan a tsakar gidana da muciya zan bi ki. Ki gaida surukar taki, ki kai mata goro.