Jakar ƙarƙashin sirdi da kayan faci: amsoshin wasiƙunku

Wani matashi daga Zariya ya rubuto: "Na sayi keken tsere na gwanjo. Jakar da ake ɗaurawa ƙarƙashin sirdi, babba zan saya ko ƙarama?"

Ƙarama, ɗan'uwa. Wadda ba ta wuce rabin lita ba ta ishe ka. Abin da za ta ɗauka bai wuce tub ɗaya, robobin cire taya biyu, kayan faci, da ɗan makullin nan mai naɗewa mai lamba 4, 5 da 6 ba. Ka tabbata maɗaurinta ya kama ƙarafan sirdi gam, in ba haka ba lilo za ta yi ta yi tana cin wandonka. Zif ne ke fara mutuwa da ƙurar hunturu, saboda haka ka ja shi sau goma a gaban mai shago. Tub ɗin kuma ka cusa shi a tsohuwar safa, kada makulli ya huda shi tun yana cikin jaka.

Wani kuma yana tambaya ko jan jaka za ta dace da farin keke. Malam, jakar ƙarƙashin mazaunanka za ta zauna, ba mai ganinta sai wanda ka wuce. Sayi wadda ka samu.

Daga Kano: "Sau uku ina faci a tub ɗaya, duk suka ɗaye kafin in kai Wudil. Ina matsalar take?"

To, ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Mutum zai kashe kuɗi ya sayi riga mai sheƙi da tabarau, amma idan aka zo kan facin da zai dawo da shi gida sai ya ce a ba shi mafi araha. Kasuwa kuwa cike take da jabu. Ni kaina na taɓa sayen ɗan koren akwatin kayan faci a wani shago, kamarsa ɗaya da na kamfanin Rema Tip Top na Jamus, har rubutun. Da na matsa sholishon a bakin titi, rana na dukan ƙeyata, iska ce kawai ta fito, sai wani ɗan ƙullutu kamar busasshen ƙaro. Ranar a bayan akori-kura na koma gida. Facin kirki gefensa siriri ne, yana lafewa da tub har yatsa ya kasa jin inda ya tsaya. Na jabu kauri gare shi kamar tafin silifa, kuma tayar keken tsere da ake hura wa iska har fam 80 zuwa 100 a ma'aunin ƙarfin iska ba ta yafe wannan.

Amma kada mu ɗora wa 'yan kasuwa laifin duka. Ko sholisho na ainihi, da zarar ka fasa bakinsa zafinmu zai busar da shi cikin 'yan watanni, don haka ka riƙa duba shi. Sannan akwai gaggawa. Ka goge wurin da samfefa ya fi facin faɗi, ka shafa sholisho siriri, ka jira kamar minti 5 har ya daina ƙyalli, sannan ka manna ka danne sosai. Wanda ya manna a kan ɗanyen gam ya yi aikin baban giwa. Kafin ka mayar da tub, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali. Ƙayar tsidau da siririyar waya kan maƙale a ciki, su sake huda sabon tub nan take. Idan kuwa ka ga huji biyu jere da juna, ba ƙaya ba ce: iska ce ta yi ƙasa ka faɗa rami, wili ya datse tub.

Ta ƙarshe daga wata baiwar Allah a Abuja: "Ina son hawan keke da asuba, amma tsoron taya ta sace mini nesa da gida ya hana ni wuce unguwa."

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, duk mun bi ta nan. Ki fara da karanta lambar da ke gefen tayarki, wataƙila 700x25 ko 700x28, ki sayi tub daidai da ita. Bawul ɗin keken tsere siriri ne, Presta ake ce masa, kuma bakin famfon masu faci na bakin titi na mota ne, ba ya kama shi. Akwai ɗan mahaɗi na tagulla da bai kai kan yatsa ba, wanda ke sa famfon nasu ya kama bawul ɗin, ki jefa ɗaya a jaka. Ki lura da tsawon bawul ma, domin wili mai zurfi yana son na milimita 60 ko 80. Kada ki bari a gasa miki tub da wuta irin na babur, siririn tub ba ya jurewa. Ƙaramar kwalbar iskar CO2 mai giram 16 tana cika taya cikin daƙiƙoƙi, amma amfani ɗaya take yi, tana sanyi har ta ƙona yatsa, iskarta kuma tana saurin zurarewa. Ƙaramin famfo ya fi mini. Ranar Asabar ki zauna a tsakar gida, ki cire tayar baya ki mayar sau uku, da kayan cikin jakar kaɗai. Ki rubuto ki gaya mini minti nawa na ukun ya ɗauke ki.