Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan sisin gwal ɗin Hajiya

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya na ga tambayarka, cewa da aka raba gadon Hajiya kakarka sisin gwal bakwai suka faɗo a rabonka, kana son ka kai wa maƙeri ya wanke su su yi ƙyalli, ka jera a gilashi ka rataye a falo. Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta. Wankin nan kuwa, don Allah ka dakata.

Ni ma da gado na fara. Mahaifinmu ɗan kasuwar goro ne, ya bar mini uku a ƙulle cikin tsumma a ƙasan adaka. Zumuɗi ya ɗebe ni na kai wa wani maƙeri a unguwar Ash-Town ta Kumasi, ya sa su a injin gogewa, suka fito sai ɗaukar ido. Da na nuna wa wani dattijo da ya san harkar, ya kara madubinsa ya ce, "Yaro, ka aske wa sarki gemu." Gashin kai, layin hula, duk sun shafe. Kuɗin nauyinsu kawai ya yi mini tayi. Zinari yana da laushi, duk gogewa sai ta ci wani abu, kuma mai neman tsohon kuɗi wannan dusashewar da kake gani kamar datti ita yake biya. Haka hudawa, ko like masa kunne don a yi sarƙa. Iyayenmu mata sun yi hakan da yawa, ba mu ga laifinsu ba, ado suke so.

Daga kwatancenka, mutum a kan doki yana sukar dodo, fam ɗin Ingila ne, wanda aka fara bugawa da wannan zane a 1817. Shi ne aka fi samu a akwatunan tsofaffin zango. Kafin ka kai wa kowa, nemi ƙaramin sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo. Na gaske giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22, karat 22, wato tsantsar zinarin ciki giram 7.32. Mai rabin fam kuma nauyinsa giram 3.99 ne. In ya sha hannu zai ɗan ragu kaɗan, amma in ka ga 7.5 to da walakin. Kada ka dogara da maganaɗisu, tagulla ma ba ta kama shi. Akwai kwaikwayo da yawa da maƙeran Gabas ta Tsakiya suka buga, alhazai suka sayo da zuciya ɗaya. Wasu zinari ne amma karat ɗinsu bai kai ba. Kada kuma ka bari a kankare shi a dutse ko a ɗiga masa asid wai gwaji. Akwai injin da ke karanta ƙarfe ba tare da ya lalata shi ba.

Abin da ya riƙe ni a wannan sha'awa ɗan harafi ne da ba a gani sai da madubin ƙara girma. A na Sarki Edward da Sarki George na biyar, duba ƙasan da dokin ya taka, saman shekarar. S na nufin a Sidni aka buga shi, M Melbon, P Fat, duk a Ostireliya. C Kanada, SA Firitoriya a Afirka ta Kudu. In ka ga I, na Bombai ne, a 1918 aka buga shi. Sai ka zauna kana tunanin hannu nawa ya bi, jirgi nawa ya hau, kafin ya iso ɗakin Hajiya a unguwar Aboabo. Ni wanda na fi ji da shi ba na Ingila ba ne, fam biyu ne mai kan Nkrumah, na ranar da Gana ta zama jamhuriya, 1 ga Yuli 1960, nauyinsa daidai biyun naka. Wanda nake mafarki kuwa tsohon kuɗin gwal na Ingila ne da ake kira gini, da aka fara bugawa a 1663 da zinarin gaɓar tekunmu, wasu har da ɗan giwa a ƙarƙashin kan sarki. Abin mamaki, Asantawa masu zinarin ba su buga shi kuɗi ba, garinsa suke aunawa da 'yan ma'aunan tagulla, abrammuo.

Ajiya ba wuya. Kowane ɗaya da gidansa, 'yar kwalbar roba mai tauri daidai girmansa, don in suna gugar juna suna ƙarzuwa. Guji leda mai laushi, tana barin wani danƙo kore in ta daɗe. Zinari ba ya tsatsa, amma jan ƙarfen da aka gauraya masa yakan fito da jan tabo, ga kuma laimar Kumasi da damina. Ka jefa ƙullin nan na shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. In za ka ɗauka, kama gefe, a saman tawul.

Maganar falo, ban goyi baya ba. A gidan haya na zango, mai kawo ruwa ya gani, yaron makwabta ya gani, kafin la'asar labari ya kai kasuwar Kejetia. Ni hotonsu na ɗauka gaba da baya, na sa aka wanke manya, su na rataye tare da 'yan abrammuo a kan kanta. Su kansu suna inda ni da uwargida kaɗai muka sani, da littafin da na rubuta shekara, harafi da nauyin kowanne, saboda magada.

Zakka kuma, nisabin zinari misƙali 20 ne, wajen giram 85. Bakwai ɗinka giram 51 ne da ɗoriya, sai sun kai sha biyu za su cika su kaɗai. Amma ana haɗa su da kuɗin da ke hannunka, saboda haka ka zauna da malaminku.

Ka auna su ɗaya bayan ɗaya, ka turo mini nauyi, shekara da harafin ta akwatin sirri, kada ka sa hoton a bainar jama'a.