Amsa: Ta ina zan fara haɗa manhajar taimaka wa masu wasan labari na kan tebur?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da taswirar fagen fama za ka fara ko da takardar jarumi. Ni dai a ganina takardar jarumi tukuna. A nan ne 'yan wasa suka fi shan wahala: jarumi na ƙara matsayi, sai an sake lissafa ƙarfinsa da lafiyarsa da fensir, ana ta goge-goge har takardar ta huje.

Sai dai kada ka cusa dokokin wasan a cikin ginin manhajar. Ka ware su a fayil irin JSON, wato tsarin rubuta bayanai da manhaja ke iya karantawa, domin kusan kowane mai jan labari, wato jagoran wasan, yana da nasa dokokin, kuma ranar da ya ce a sauya ɗaya ba sai ka warware komai ba. Ka kuma sa ta yi aiki ko babu intanet, bayanai su zauna a SQLite, wato ƙaramar ma'ajiyar bayanai, cikin wayar.

Sa manhajar ta jefa ɗan lido mai fuska 20 ba wuya, amma ka bar gurbin shigar da lamba da hannu. Da yawa sun fi son jin ƙarar ɗan lidon a kan tebur, kuma da gaskiyarsu.

Batun haƙƙin mallaka kuwa, ka yi hattara. Idan Dungeons & Dragons ne, a 2023 kamfanin Wizards of the Coast ya saki SRD 5.1, wato kundin wani ɓangare na dokokin wasan, ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Abin da ke ciki kana iya amfani da shi muddin ka ambaci mai shi, wanda ba ya ciki kuma kada ka kwafa.